Tsakanin Mai Tozo da Marar Tozo

Jama'a masu saurarenmu, wannan shiri ne na faɗakarwa da ke zuwa muku daga Abuja. Yau zancen dabbobi za mu yi, na dawa da na gida. Tambayar da za mu bi ita ce: idan dabbobi biyu 'yan'uwan juna ne na kusa, ɗaya tana zaune a kudu, ɗaya a arewa, a ina ɗaya take ƙarewa ɗayar ta fara?

Bari mu ɗan share fage tukuna. Kowa ya san doki, kowa ya san jaki. Idan jaki ya hau goɗiya za a haifi alfadari, ƙaƙƙarfa mai juriyar kaya, amma alfadari ba ya haihuwa, daga kansa zuri'a ta tsaya. Wannan ne ke nuna doki jinsi ne daban, jaki jinsi ne daban. To akwai wani mataki ƙasa da wannan. Jinsi guda yakan bazu a ƙasa mai faɗi, wani ɓangare ya zauna a kurmi, wani a sarari, shekaru dubbai su shuɗe, kowanne ya ɗauki siffar da ta dace da mazauninsa. Idan aka tsayar maka da su gefe da gefe sai ka rantse ba abu ɗaya ba ne. Amma in sun haɗu suna barbarar juna, su haifi 'ya'ya, 'ya'yan ma su haihu lafiya lau. Irin waɗannan su ne masana ke kira rassan jinsi guda. Kuma a inda ƙasar wannan reshe ta taɓa ƙasar wancan, da wuya ka sami iyaka tsararra. Abin da za ka samu shi ne sajewa, sannu a hankali.

Mu fara da ɓauna, wadda Bahaushe ke kira saniyar sake. Ɓaunar da ke cikin kurmin Kuros Riba, can kan iyakarmu da Kamaru, ƙarama ce, ja ce kamar jar ƙasa, nauyinta ba ya cika wuce kilo 250 zuwa 320. Ƙahonninta gajeru ne, sun kwanta baya, ba su haɗu a goshi ba, don haka tana kutsawa cikin sarƙaƙiya ba abin da ya riƙe mata kai. Kunnuwanta manya ne, da dogon gashi yana reto a gefensu. Yawonta cikin ƙaramin garke ne, goma ko goma sha wani abu. Yanzu ku tafi da hankalinku Kenya ko Tanzaniya ko Afirka ta Kudu. Ɓaunar can baƙa ce wuluk, namiji yakan kai kilo 800, ƙahonninsa sun haɗe a goshi sun zama garkuwa mai kauri, suka sauko ƙasa sannan suka lanƙwaso sama. Garke guda yakan tara ɗaruruwa.

Wanda ya ga waɗannan biyun kaɗai zai ce dabbobi ne daban-daban. Sai ya je Yankari a jihar Bauchi, ko Gashaka-Gumti da ke tsakanin Taraba da Adamawa, ko gandun dajin W da Nijar da Benin da Burkina Faso suka haɗu a kai. Ɓaunar waɗannan wurare ta fi ta kurmi girma, ba ta kai ta gabashin Afirka ba. Ƙahonta ya fi na kurmi buɗewa, amma bai yi waccan garkuwar ba. Launi kuwa, a garke ɗaya za ka ga mata da 'yan maruƙa jajaye, ga wasu masu ruwan ƙasa, ga tsofaffin maza sun yi duhu har sun kusa baƙi. Duk uwa ɗaya uba ɗaya.

Wannan abu ya wahalar da Turawan da suka fara rubuta sunayen namun dajin Afirka. Maharbi zai harbe ɓauna a wani kwari, ya aika da ƙoƙon kai da fata gidan ajiye kayan tarihi a Landan ko Faris, a duba a ga ƙahon bai yi daidai da wanda ke kan kanta ba, sai a raɗa masa sabon suna. Haka aka tara wa ɓauna sunaye gommai. Da samfura suka yi yawa aka jera su bisa taswira, sai aka ga kowane ɗaya yana kama da na kusa da shi, bambancin bai fito fili sai an kwatanta na farkon layi da na ƙarshe. Dole aka rushe yawancin sunayen, aka tsaya kan rassa huɗu ko biyar. Wani bincike na ƙwayoyin gado da aka wallafa a 2013 ya ƙara da cewa ɓaunar kurmi da ɓaunar sararin Afirka ta Yamma tushensu ɗaya ne, sun fi kusa da juna a jini fiye da yadda ta sararinmu take da baƙar ɓaunar gabas, duk da cewa a ido tana ɗan kama da ita.

Wanda ya taɓa bin hanya daga Kano zuwa Sakkwato, yana yada zango gari-gari ta Katsina da Zamfara, ya san abin da nake nufi. Hausar Kano daban, ta Sakkwato daban, ko yaro ya ji ya san da bambanci. Amma ba wani ƙauye da za a nuna maka a ce nan Kananci ya tsaya, daga gidan can Sakkwatanci ya fara. Kowane gari yana jin maƙwabcinsa sarai, yana aure a can, yana cin kasuwar can, harshe kuma yana juyawa kaɗan-kaɗan a kan hanya.

Abu biyu ne ke ja-in-ja har wannan sajewa ta samu. Na farko muhalli. Kurmi yana fifita ƙaramin jiki da gajeren ƙaho, sarari mai zakuna yana fifita girma da taro, kuma shi kansa muhallin bai da iyaka tsararra: ruwan sama yana raguwa ne a hankali daga bakin teku zuwa Sahara, itatuwa suna yin sarari a hankali. Na biyu maƙwabtaka. Matashin namiji yakan bar garkensu ya shiga na gaba, ya haifi 'ya'ya a can, nasa 'ya'yan su matsa gaba. Jinin kurmi yana hawa arewa zango-zango, na sarari yana gangarowa kudu, ba tare da wata ɓauna guda ta taɓa yin dukan tafiyar ba. Muhalli na rarrabewa, maƙwabtaka na haɗewa, abin da muke gani shi ne inda suka daidaita.

Ƙasar da Abuja take a kai tana tsakiyar wannan hanya. Ciyawa ce doguwa da itatuwa jefi-jefi, ga kuma kurmi a bakin rafuka da gindin duwatsu. A da ɓauna na yawo a irin wannan ƙasa. Yau gonaki da tituna da garuruwa da bindigar maharba sun raba garkunan da suka rage, kowanne ya maƙale a gandunsa. Ɓaunar Yankari ba ta da hanyar da za ta isa ga ta Gashaka, balle ta Kuros Riba. Idan garke ya daɗe yana barbara a cikin kansa, jini yakan yi rauni. Wannan abin baƙin ciki ne, kuma ba a cika lissafa shi ba idan ana kukan ƙarewar namun daji: ba yawansu kaɗai ya ragu ba, zumuncin da ke tsakaninsu ma ya yanke.

Af, kada ku ɗauka layin da ke tsakanin jinsi da reshe a bayyane yake ko ga masana. Giwar kurmi da giwar sarari an daɗe ana ƙirga su rassa biyu na jinsi guda. A 2021 ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta amince jinsi biyu ne, alhali an san suna haɗuwa su haihu a wurare kamar iyakar Yuganda da Kwango. Mutum ne ke jan layi don ya samu sauƙin lissafi.

[Ɗan gajeren kiɗa]

Jama'a, idan yanzu kuka kama mu, muna magana ne kan yadda dabbobi 'yan'uwan juna ke sajewa a inda mazauninsu ya haɗu. Mun ga ɓauna. Yanzu mu dawo gida, ga dabbar da muke sha da ci daga gare ta kullum, domin a nan ne maganar ta fi shafarmu.

Shanun duniya rassa biyu ne manya, masu tozo da marasa tozo. Marasa tozo an fara kiwonsu ne a yankin Gabas ta Tsakiya, shekaru kimanin 10,000 da suka wuce. Masu tozo kuwa an fara kiwonsu a kwarin kogin Indus, inda Pakistan take yanzu, shekaru kimanin 8,000. Kakanninsu na dawa sun rabu da juna tun shekaru dubu ɗaruruwa kafin nan. Duk da wannan doguwar rabuwa, in bijimi mai tozo ya hau saniya marar tozo, za ta haifi maraƙi lafiyayye, shi ma ya girma ya haihu.

Nijeriya tana da rassan biyu. A arewa akwai masu tozo: Bunaji, farar saniya mai baƙin kunne da baƙin hanci, Bokolo ta Sakkwato, mai gajeren ƙaho da fata mai yalwa a wuya, Rahaji, jar saniya mai dogon ƙaho ta Bararo, Wadara ta Borno, Azawak ta kan iyakar Nijar. Ƙidayar dabbobi da aka yi a 1990 ta samu shanu kusan miliyan 14 a ƙasar nan, kuma Bunaji ta fi kowace yawa, sama da kashi ɗaya cikin uku. A kudu kuwa akwai Muturu. Wasunku ba su taɓa ganinta ba. Gajeriya ce ƙwarai, tana cikin mafi ƙanƙantar shanun duniya, tsayinta a kafaɗa bai cika kai mita guda ba, nauyinta kilo 150 zuwa 200. Bayanta a shimfiɗe yake daga wuya har gindin wutsiya, ba tozo ko alama. Yawanci baƙa ce ko baƙa da fari. Tibi na Binuwai suna kiwonta, haka Ibo da Yarbawa da mutanen Kuros Riba, kuma sun fi ajiye ta don bukukuwa da jana'izar manya, ba don tatsa ba. Akwai kuma N'Dama, marar tozo ita ma, asalinta tsaunukan Futa Jalon a ƙasar Gini, inda Fulani ne ke kiwonta. Ga Kuri ta tafkin Chadi, mai ƙaho kumburarre, wadda Buduma ke iyo da ita daga tsibiri zuwa tsibiri.

Ga inda labarin ya ba ni mamaki, kuma ina so kowane makiyayi ya ji shi. Marasa tozo ne suka riga zuwa Afirka, da shekaru dubbai. Zanen shanu da ke jikin duwatsun Sahara, tun zamanin da take da ciyawa da tafkuna, na marasa tozo ne. Masu tozo sun shigo daga baya ta gabas, ta ƙahon Afirka da gaɓar tekun Indiya, akasari bayan bunƙasar fataucin Larabawa, sannan suka bi yankin Sahel suka yo yamma. A jikin kowace dabba akwai wani ɓangaren gado da ake karɓa daga uwa kaɗai, uwa ta ba 'ya, 'ya ta ba jika, ba ruwan uba. Akwai kuma wani da uba ke ba ɗansa namiji kaɗai. Da masana suka duba shanun Afirka a shekarun 1990, sai suka ga gadon uwa na dukkansu, har da masu tozo, na marasa tozo ne. Gadon uba kuwa, a yawancin masu tozo, na shanun Indiya ne. Ma'ana bijimai aka riƙa shigowa da su, suna hawa shanun da suka tarar. Wani babban bincike da aka wallafa a 2020 ya ƙiyasta cewa babbar cakuɗuwar ta auku shekaru 750 zuwa 1,050 da suka wuce.

Saboda haka, Malam makiyayi, farar saniyar da kake alfahari da tozonta, idan ka bi uwarta, da uwar uwarta, ka yi ta bi, za ka tarar da saniya marar tozo. Bunaji kanta 'yar sajewa ce. Daga wajen uba ta gaji jure zafi da fari da doguwar tafiya, daga wajen uwa ta gaji sabo da ƙasar Afirka da cututtukanta. Masana sun auna jinin masu tozo a shanun nahiyar nan, suka ga ya fi yawa a gabas, yana raguwa yayin da ake yowa yamma, kuma a Afirka ta Yamma yana raguwa daga Sahel zuwa bakin teku.

Me ya hana masu tozo mamaye kudu tun tuni? Ƙuda ne, tsando. Yana zaune a inuwar kurmi da bakin rafi, yana cizon dabba ya zuba mata ƙwayar cutar sammore. Duk wanda ya yi kiwo a ƙasar nan ya san saniya mai sammore. Tana ci amma tana ramewa, haƙarƙari ya fito, gashi ya tashi ya dushe, ido na zubar da hawaye. In ka buɗe fatar idon ko dasashi sai ka ga ya yi fari fat, jini ya ƙare. Nono ya ƙafe, mai ciki ta yi ɓari, a hanyar kiwo kullum ita ce a baya. Muturu da N'Dama su ma tsando na cizonsu, ƙwayar cutar na shiga jininsu, amma jikinsu yana danne ta, jininsu ba ya ƙarewa, suna ci gaba da haihuwa a inda Bunaji za ta kwanta. Wannan baiwa ce da aka tara cikin shekaru dubbai na zama da tsando. Ba a sayenta a kantin magani.

Don haka ƙasar ta kasu: arewa ta masu tozo, kudu ta marasa tozo, tsakiya kuma wurin haɗuwa. A wannan tsakiyar aka samu Keteku, a ƙasar Borgu da Kwara da arewacin Oyo, wadda a Jamhuriyar Benin ake kira Borgu. Jinin Bunaji ne da na Muturu suka haɗu suka zauna. Ka dube ta da kyau: ta fi Muturu tsayi, ba ta kai Bunaji ba. Farin jiki da baƙin kunne na Bunaji ne, gajerun ƙafafu da dunƙulallen jiki na Muturu. Tozon ɗan ƙarami ne, a wata saniyar sai ka shafa da hannu kafin ka tabbatar yana nan. Juriyar sammore ma tsaka-tsaki. Kuma Keteku ba siffa ɗaya gare ta ba: ta arewacin yankin ta fi tsayi da tozo, ta kusa da kurmi ta fi gajarta. Fulanin da suka zauna a can tun zamanin da su suka san yadda ake riƙe wannan ma'auni. In garke ya fara yawan ciwo sai a kawo bijimin da ya fi kusa da marasa tozo, in jiki ya fara ƙanƙancewa sai a kawo mai tozo. Ilimi ne na gaske, ko da ba a rubuta shi a littafi ba.

Abuja ma ƙasar tsando ce a da. Binciken muhalli da aka gudanar a 1977, shekara guda bayan gwamnatin Janar Murtala Muhammad ta ayyana wannan yanki a matsayin babban birnin tarayya, ya samu tsando a babban ɓangaren ƙasar. Shi ya sa a zamanin da yawancin makiyaya da rani suke gangarowa irin wannan yanki, lokacin da ƙudan ya koma bakin rafuka, in damina ta faɗi su koma arewa. Tun 1947 aka kafa cibiyar binciken sammore a Kaduna saboda girman matsalar.

To ma'aunin nan ya goce, kuma dalilan a bayyane suke. Annobar bushiya ta farkon shekarun 1890 ta share garkuna, aka sake gina su galibi da masu tozo. Farin shekarun 1970 da na 1980 ya turo makiyaya kudu, da yawa ba su koma ba. Sare daji don noma da gina garuruwa ya rage wa tsando mafaka. Magungunan sammore irin su Berenil da Samorin sun shiga kowace kasuwar ƙauye, sai ya zama ana iya riƙe Bunaji shekara cur a inda da ba ta kwana. Yau ga Bunaji a Paikon Kore, ga ta a Nasarawa da Binuwai, ga ta har Oyo da Inugu. Ita kuwa Muturu yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ya cinye da yawa daga cikinta a kudu maso gabas. Ƙidayar 1990 ta same ta dubu ɗari da 'yan kai a duk faɗin ƙasar, cikin shanu kusan miliyan 14.

Ba na zargin manomin Binuwai da ya kai Muturunsa ga bijimin Bunaji. Yana son maraƙi mai girma da zai yi kuɗi a kara, yana son san da zai ja garma. Lissafinsa daidai ne a shekarar farko. Amma mu bi lissafin gaba. Maraƙar farko rabi da rabi ce. In ita ma bijimin Bunaji ya hau ta, 'yarta kashi uku cikin huɗu Bunaji ce. Ta gaba bakwai cikin takwas. Ta huɗu sha biyar cikin sha shida. Cikin shekara ashirin da 'yan kai, a garken mutum ɗaya, Muturu ta ɓace ba tare da an yanka ko ɗaya ba. Haka ke faruwa da Kuri a tafkin Chadi, inda janyewar ruwa ta kawo masu tozo har cikin mazauninta.

Nan ne bambancin yake. Sajewar da ta haifar mana da Bunaji da Keteku ta yi amfani ne saboda tushen biyu suna nan da ransu, ana ɗiba daga wannan ana ɗiba daga wancan. Abin da ke gudana yanzu jini ne ke kwarara ta gefe guda, babba yana haɗiye ƙarami. In Muturu tsantsa ta ƙare, ba inda za a koma a ɗebo juriyar sammore. Kuma buƙatar na nan tafe, domin likitocin dabbobi a ƙasashen Afirka da dama sun tabbatar ƙwayar cutar tana ƙin jin waɗannan magunguna, waɗanda aka shafe sama da shekara hamsin ana amfani da su, ga jabu a kasuwa, ga allurar da ake yi ba bisa ƙa'ida ba. Ranar da allura ta daina aiki, wannan 'yar gajeriyar saniya da ake rainawa za a nema.

Akwai kuma sabuwar cakuɗuwa da ta shigo, ta shanun Turai masu nono. An daɗe ana haɗa Firiziyan da Bunaji a Shika kusa da Zariya da kuma Vom a Filato, yanzu kuma gonakin madara da ke kewaye da Abuja suna yi ta hanyar ɗura maniyyi. Rabi da rabi tana ba da nono ninkin na Bunaji in ta sami abinci da kulawa. Amma idan aka yi ta ƙara jinin Turai ba lissafi, sai a wayi gari da saniyar da ke haki a inuwa tun hantsi, kaska na kayar da ita, kuɗin magani ya cinye kuɗin nono. Darasin Keteku ne dai: sai an san inda za a tsaya, kuma sai an ajiye Bunaji tsantsa da za a koma gare ta.

A 2024 gwamnatin tarayya ta kafa Ma'aikatar Bunƙasa Kiwo a nan Abuja. Ina roƙon masu riƙe da ita, cikin girmamawa, kada hankali ya tafi kacokan kan shanun waje. A ware garkunan Muturu da Kuri da Keteku tsantsa a ƙasashensu na asali, a tallafa wa masu kiwonsu don kada talauci ya sa su rabu da su, a adana maniyyin bijimansu a cibiyoyi irin na Shika, a kuma zauna da Ardo-Ardo da dattawan Tibi da Buduma a rubuta abin da suka sani tun suna raye. Hukumomin gandun daji kuma su dubi yadda za a bar wa namun dawa hanyoyin da za su riƙa isa ga juna.

Kai kuma mai ɗan garke a Abaji ko Kwali ko Rubochi, kafin ka sayi bijimi ka tambayi ubansa da uwarsa da ƙasar da ya tashi. In makiyayarka tana bakin Gurara ko wani rafi mai kurmi, bijimin da ya fi kowa tozo ba lallai shi ne ya dace da kai ba. Ka lura da shanun da ba sa yawan kwanciya da damina, ka riƙe 'ya'yansu mata, kada ka kai su kara don sun fi ƙanƙanta. Ka sami littafi ko da na ɗan makaranta ne, ka sa yaro ya rubuta wace saniya wane bijimi ya hau da abin da ta haifa. Allurar sammore kuma a bar wa ma'aikacin dabbobi ya auna ta daidai nauyin saniya.

A nan za mu dakata. Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu duba kaska da cututtukan da take ɗauke da su a farkon damina.